Shata a Faifai Ɗaya: Matsalar Tattara Waƙoƙin Mawaƙin da Ke Kwance a Daura

A harkar kiɗa da waƙa ta zamani, idan mawaƙi ya daɗe a sana'arsa har furfura ta kama shi, akan kai wani mataki da kamfanin da ke sayar da waƙoƙinsa, ko magadansa, ko shi da kansa, za su tsinto fitattu daga cikin abin da ya rera su haɗa su wuri ɗaya, domin wanda bai riski ganiyarsa ba ya samu inda zai fara, wanda kuma ya riska ya samu abin tuna baya. Wannan shi ne kundin zaɓaɓɓun waƙoƙi, wato albam ɗin da ba sababbin waƙoƙi ya ƙunsa ba, sai waɗanda jama'a suka riga suka sani har suka zama tamkar kayan gado. A ƙasashen Turai da Amurka irin wannan kundi ya kasu gida biyu. Akwai wanda ake tattara waƙoƙin mawaƙin na kansa da suka fi karɓuwa, kuma akan ambaci kundin Johnny Mathis na shekarar 1958 a matsayin wanda ya buɗe wannan hanya a kasuwa. Akwai kuma wanda gogaggen mawaƙi yake komawa ga tsofaffin waƙoƙin da wasu suka tsara ya sake rera su da muryarsa, kamar yadda Ella Fitzgerald ta yi a jerin kundaye 8 tsakanin 1956 da 1964, da yadda Rod Stewart ya yi daga 2002 bayan ya shafe shekaru masu yawa a wani salon kiɗa na daban.

Kashi na biyun ya yiwu a can ne saboda waƙa tana da rubutaccen tsari wanda ya rabu da bakin mai rera ta: wani ne ya rubuta kalmomin, wani ya tsara karin, kowa kuma yana iya ɗauka ya rera idan ya biya haƙƙi. A waƙar baka ta Hausa al'amarin ba haka yake ba, domin mawaƙi shi ne mai ƙirƙira, shi ne mai rerawa, kuma galibi waƙar tana ɗaure da sunan wani mutum da aka yi wa ita, ta yadda idan wani ya ɗauke ta sai a ce yana kwaikwayo, ba a cewa ya sabunta ta. Saboda haka kundin da ya dace da tsohon mawaƙin Hausa shi ne na kashin farko, kuma babu wanda batun ya fi shafa, babu kuma wanda ya fi wahalar tattarawa, irin Alhaji Mamman Shata Katsina, wanda kabarinsa ke cikin garin Daura.

An haifi Shata a Musawa a shekarar 1923, ya yi zama a Bakori, daga baya ya kafa gida a Funtuwa, ya kuma shafe fiye da shekaru 50 yana waƙa da kiɗan kalangu, wato gangar nan mai siririn tsakiya wadda makaɗi ke matse tsarkiyoyinta a hammata domin ya ɗaga sauti ko ya sauke shi har ta riƙa kwaikwayon karin maganar mutum. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta a 1988, gwamnatin tarayya kuma ta ba shi lambar girma ta MON. Ya rasu a Kano a watan Yunin 1999, aka kai gawarsa Daura aka binne, ba don can ne mahaifarsa ba, sai don dangantakar da ke tsakaninsa da Sarkin Daura Alhaji Muhammadu Bashar, wanda ya hau gadon sarauta a 1966 bayan Sarki Abdurrahman, ya kuma yi mulki har rasuwarsa a 2007. Wannan dangantaka tana da ban sha'awa idan aka duba yadda masana suka rarraba makaɗan Hausa. Makaɗin fada, kamar Ibrahim Narambaɗa ko Sarkin Taushin Katsina, yana da ubangida guda wanda sarauta ta ɗaure su tare, kuma bai cika yi wa talaka waƙa ba. Shata kuwa makaɗin jama'a ne, wanda yake yi wa sarki da attajiri da direba da dogari da mace mai zaman kanta, ya tashi daga wannan gari ya sauka a wancan ba tare da neman izinin kowa ba. Mutum mai irin wannan 'yanci ne ya ɗauki Sarkin Daura ubangida bisa zaɓin kansa, kuma waƙar da ya yi masa tana cikin waɗanda duk mai tattara kundi zai fara sanyawa ba tare da dogon tunani ba.

To amma a nan ne matsalar take farawa, domin tambayar da ke biyo baya ita ce wace ɗauka daga cikin ɗaukar waƙar za a sanya. Waƙar baka, kamar yadda Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya fayyace a nazarce-nazarcensa, tana da gindi da kuma ɗiya. Gindin waƙa shi ne gajeren layin da 'yan amshi ke maimaitawa, wanda shi ke riƙe da kari da kuma sunan wanda ake wa waƙar, ɗiya kuwa su ne rukunonin maganar da jagora, wato shugaban ƙungiyar, yake saƙawa tsakanin amshi da amshi. A wajen makaɗan fada irin su Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo, 'yan amshi sukan karɓi ɗan waƙa daga bakin jagora su ƙarasa shi, wanda hakan ke nuna cewa an tsara shi an kuma haddace shi tun kafin a fito fili. A wajen Shata kuwa aikin 'yan amshi shi ne su tsare gindin waƙa kawai, shi kuma ya riƙa zubo ɗiya nan take gwargwadon wanda idonsa ya faɗa a kai, da kyautar da aka miƙo, da abin da ya faru a garin a makon. Abin da wannan ke nufi shi ne, waƙar Sarkin Daura da ya rera a wata sallah ba ita ce wadda ya rera a wata sallar ba, ko da yake gindin ɗaya ne kuma kiɗan bai sauya ba: hakimin da aka ambata a wannan karon wataƙila ya rasu kafin na gaba, wani bafade ya samu ɗaukaka ya shigo cikin waƙar, wani kuma ya yi rowa an shafa masa zambo an wuce. Mai tattara kundi a Amurka yana zaɓe ne tsakanin waƙoƙi, mai tattara kundin Shata kuwa sai ya zaɓa tsakanin waƙoƙi, sannan ya sake zaɓa tsakanin fuskokin kowace waƙa, kuma duk fuskar da ya ɗauka ita ce 'yan baya za su ɗauka cewa ita ce waƙar.

Na'urorin ɗaukar sauti su ma sun sa hannu a cikin wannan zaɓe tun kafin mutane su ankara. Faifan garmaho na farko, mai juyawa sau 78 a minti ɗaya, ba ya ɗaukar fiye da kimanin minti 3 a kowace fuska, don haka mawaƙin da ya saba kwana yana waƙa a dandali dole ya tsuke bakinsa ya shiga cikin wannan ɗan lokaci. Babban faifai mai juyawa sau 33, wanda kamfanin Columbia ya fito da shi a 1948, ya faɗaɗa lokacin zuwa kimanin minti 20 ko ɗan fiye a kowace fuska, kuma a kan irinsa ne kamfanin EMI reshen Nijeriya ya fitar da waƙoƙin Shata da na sauran makaɗan Arewa a shekarun 1970. Kaset, wanda kamfanin Philips ya ƙirƙiro a 1963, shi ne ya sauya komai a ƙasar Hausa, saboda yana da araha, yana aiki da batir a ƙauyen da babu wutar lantarki, kuma duk mai rikoda yana iya ɗauka ya kuma kwafa. Kaset mai minti 60 ko 90 yana da fuska biyu, kuma sau da yawa waƙa takan yanke a tsakiyar ɗa idan zaren ya ƙare, ko mai kwafa ya datse ta da gangan domin wata ta samu wuri. Akwai masu sauraro da yawa da suka haddace waƙa har inda kaset ɗinsu ya tsaya, suna zaton nan ne Shata ya tsaya.

Idan aka bi diddigi za a ga cewa kundin zaɓaɓɓun waƙoƙin Shata ya daɗe da samuwa a aikace, sai dai ba wanda ya sa masa hannu. Masu zaɓen farko su ne ma'aikatan gidajen rediyo, musamman Rediyon Kaduna da aka kafa a 1962, wanda muryarsa ke kaiwa Daura da Zango da Ɓaure da Mai'aduwa da Sandamu, ta kuma tsallaka iyaka zuwa Magarya da Damagaram. Waƙar da aka yawaita sanyawa a shirye-shirye irin su Zaɓi Sonka ita ce ta zauna a kunnen jama'a, wadda kuma faifanta ya karce ko zarenta ya tsinke a ɗakin ajiya sai ta yi ta dusashewa har a manta da ita. Masu zaɓe na biyu su ne masu shagunan kaset a kasuwanni da tashoshin mota, waɗanda ke haɗa abin da suka ga direbobi da 'yan kasuwa sun fi tambaya, su rubuta sunayen waƙoƙin da biro a bayan kwali. Na uku su ne matasan da ke zaune da kwamfuta a bakin kasuwa suna tura waƙoƙi a katin memori, sai kuma masu ɗorawa a YouTube da Facebook. Waɗannan mutane sun cancanci yabo na gaskiya, domin ba don su ba da an yi asarar abubuwa da yawa. Amma a kowane mataki wani bayani yana zubewa a hanya, har aka kai yau mutum zai samu waƙa a wayarsa babu shekarar da aka ɗauke ta, babu garin da aka yi ta, wani lokaci ma da sunan da ba nata ba.

Masana sun yi nasu ƙoƙarin ta fuskar rubutu. Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1975 a kan matsayin mawaƙin baka a al'ummar Hausa, kuma Shata ne ya ɗauka abin misali. A 2006 aka fitar da littafin tarihin rayuwarsa mai suna Shata Ikon Allah, wanda Ibrahim Sheme ya jagoranci rubutawa tare da abokan aikinsa, cikinsu har da Aliyu Ibrahim Ƙanƙara wanda ya ci gaba da bin sawun waƙoƙin da mutanen da aka yi wa su. Gusau kuma ya fitar da jerin littattafan Diwanin Waƙoƙin Baka, inda kalmar diwani, wadda aka aro daga Larabci, take nufin tarin waƙoƙin da aka haɗa a littafi ɗaya. Sai dai rubutu yana kama kalmomi ne kawai. Ba ya kama yadda kalangu ke amsa wa mawaƙi, ko yadda murya ke sauka idan an zo ambaton wanda ya rasu, ko guɗar da ke tashi daga ɓangaren mata idan an taɓo sunan gidansu. Diwani na takarda da kundi na sauti kowanne yana buƙatar ɗan'uwansa, kuma abin da ya fi amfani shi ne a haɗa su, kowace waƙa da rubutunta da taƙaitaccen bayanin wanda aka yi wa ita.

Game da abin da ya kamata kundin ya ƙunsa, akwai waƙoƙin da ba a jayayya a kansu. Bakandamiya tana gaba, kuma kalmar a wajen makaɗa tana nufin waƙar da mawaƙi ya zuba dukkan gwanintarsa a ciki, yake yi wa kansa kirari yana ƙalubalantar abokan sana'a. Narambaɗa ma yana da tasa. Akwai waƙar Shata ta yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ta Sarkin Daura, da na mutane irin su Magaji Mai Ido Ɗaya da Umaru Ɗanɗanduna da Hassan Sarkin Dogarai, waɗanda sunayensu suka kai ƙasashen da ƙafafunsu ba su taka ba. Akwai waƙar kumbon Apollo 11 da ya sauka a duniyar wata a watan Yulin 1969, wadda ke nuna yadda mawaƙin da bai yi karatun boko ba ya ɗauko labarin da ya girgiza duniya ya mayar da shi abin da manomi zai saurara a gindin bishiya, da kuma waƙoƙin ƙarfafa gwiwar sojoji a lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Jayayyar tana tasowa ne idan aka zo kan waƙoƙin zambo, wato waɗanda ake muzanta mutum a cikinsu, irin su Gagarabadau, da waƙarsa da ta shahara kan shan barasa, da waɗanda ya yi wa mata masu zaman kansu. Mai tattarawa da ke son ya kyautata wa mamaci zai ji sha'awar ya share su gaba ɗaya, kuma niyyarsa abar fahimta ce a al'ummar da ke ganin rufa asirin wanda ya riga mu gidan gaskiya wajibi ne. Amma kundin da ya fitar da Shata a matsayin mai wa'azi da yabon sarakuna kaɗai ya ɓoye rabin dalilin da ya sa ake shakkarsa ake kuma ƙaunarsa, domin yabonsa ya yi tsada ne saboda kowa ya san harshen da ke ɗaukaka mutum yana iya kayar da shi. Hanyar da ta fi adalci ita ce a sanya misali daga kowane ɓangare tare da bayanin zamanin da aka yi shi, a kuma yi la'akari da iyalan waɗanda aka zamba, waɗanda da yawansu suna raye.

Wata tambayar da ta fi wannan zurfi ita ce tsakanin ɗaukar sutudiyo da ɗaukar dandali. Ta sutudiyo tana da tsabtar sauti, ba hayaniya, ba kukan lasifika, kuma ita ce kamfani zai fi so. Ta dandali kuwa cike take da ƙura: sanƙira, wato mai shelar kyauta da ƙara wa kirari gishiri, yana katse waƙa yana faɗin wanda ya ba da riga ko doki ko mota, jama'a suna sowa, wani lokaci mawaƙin ya tsaya ya yi magana ya ci gaba. Duk da haka a nan ne ake ganin ainihin fasahar, domin Shata mawaƙi ne da ke samun kuzari daga idon mutane. Masarawa sun fuskanci irin wannan zaɓi game da mawaƙiyarsu Ummu Kulsum, wadda ta rasu a 1975, kuma masu sauraronta sun fi riƙe ɗaukar wasanninta na daren Alhamis ɗin farkon wata da rediyo ke watsawa kai tsaye, inda take maimaita baiti ɗaya ta fuskoki daban-daban gwargwadon yadda jama'a suka motsa, har waƙa ɗaya ta kai sa'a guda. Kundin da ya dace da Shata shi ne wanda zai yarda da ƙurar dandali a inda ta zo da rai, ya kuma sanya fuska biyu na waƙa ɗaya, ta ƙuruciya da ta manyanta, domin mai sauraro ya ji da kunnensa yadda murya ta yi kauri da yadda mutanen cikin waƙar suka sauya.

Batun haƙƙin mallaka ba ya cikin abin da za a tsallake. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya sanya wa hannu a 2023, ta ba waƙa kariya har shekaru 70 bayan ƙarshen shekarar da mai ita ya rasu, ta kuma ba ɗaukar sauti kariya ta shekaru 50 bayan ƙarshen shekarar da aka fara fitar da ita ga jama'a. Bisa wannan lissafi waƙoƙin Shata suna ƙarƙashin kariya har ƙarshen 2069, ko da wa'adin wasu tsofaffin fayafai ya cika. Wannan yana nufin duk kundin da za a yi da sunan girmamawa dole ya fara da yardar magada, a kuma fayyace rabon gidan rediyo ko kamfanin da ya yi ɗaukar. Akwai kuma wasu masu haƙƙi da doka ba ta cika ganinsu ba, su ne makaɗan kalangu da 'yan amshi da suka bi shi gari-gari shekara da shekaru, waɗanda hannuwansu da muryoyinsu ke cikin kowace ɗauka amma ba a rubuta sunayensu a bayan kwalin kaset ba.

Daura tana da matsayi na musamman a cikin wannan aiki, ba don kabarin kaɗai ba. Gari ne da ya saba da adana abin da ya gada, tun daga rijiyar Kusugu da labarin Bayajida da Daurama har zuwa hawan Sallar Gani da ake yi a watan Rabi'ul Awwal, lokacin da hakimai da mahaya ke cika gari, tambura da kakaki da algaita suna tashi a ƙofar fada. A irin waɗannan taruka, da bukukuwan naɗin sarauta da na aure a gidajen manyan gari, Shata ya yi wasa sau da yawa a zamanin Sarki Muhammadu Bashar, kuma a shekarun da rikoda ta yawaita ba a rasa mai riƙe da ita a gefen fili. Kaset ɗin da aka ɗauka a wancan lokaci yana lalacewa ta hanyoyin da aka sani: zafi yana sa zaren ya manne da juna, damshin damina yana kawo fumfuna, kuma duk juyawar da aka yi masa a tsohuwar rikoda tana ɗan kankare abin da ke kansa. Mayar da shi zuwa kwamfuta ba ya buƙatar kayan aiki masu tsada ƙwarai, amma yana buƙatar a yi shi da cikakken sauti ba tare da matsewa irin ta katin memori ba, a kuma rubuta a gefe ranar da aka ɗauka da wurin da dalilin taron.

Wannan bayani na ƙarshe ba ya cikin zaren kaset, yana cikin kan dattawan da suka halarci wasan: fadawa da dogarai da tsofaffin ma'aikatan En'e da matan gidan sarauta, waɗanda idan aka kunna musu waƙar Sarkin Daura za su iya cewa wane ne wannan da aka ambata bayan Galadima, wace unguwa yake, me ya ba Shata a ranar, kuma wane makaɗi ne ke riƙe da babban kalangu. Wanda yake da shekaru 25 a lokacin da Muhammadu Bashar ya hau karaga a 1966 ya haura 80 a yanzu.